Nata'ala Mai Fenti da Idon Damina

A Tudun Kanya aka haifi Nata'ala, wani ƙaramin ƙauye da ke bayan Mairuwa a ƙasar Faskari, inda da zarar rani ya tsaya kowa ke gangarawa fadama da injin ban ruwa. Gidansu gidan 'yan lambu ne tun kakanni. Barkono da attarugu da tattasai su ne abin da suka sani, har ana yi masu ba'a cewa ɗan gidan yakan iya raba nunanne da ɗanye tun bai san hannun dama da na hagu ba. Nata'ala kaɗai ya fita daban. In aka ba shi fartanya ya gyara kwamin shuka, sai a tarar ya share ƙasa yana zana tsuntsu da tsinke. Mahaifinsa ya yi faɗa har ya gaji. Ƙanen mahaifin nasa, Baba Almu, shi ya ce a ƙyale shi, tunda hannun ba na lambu ba ne a kai shi inda hannun zai yi amfani.

Haka aka kai shi wajen wani mai rubutun motoci a bakin babban titi. Shekara ashirin da 'yan kai ya yi tsugune a bayan manyan motoci, da gwangwanin fenti da buroshi. Direba zai zo ya ce a rubuta masa abin da zai ba na bayansa haushi, Nata'ala ya karkace kai, ya rufe ido ɗaya, ya fito da magana mai gishiri. Shi ya rubuta wa wata tsohuwar roka, "Ka gan ni, ka gaishe ni, ka bar ni in wuce," alhali ko jaki yana wuce ta a hawa. Ya saba da ado a magana kamar yadda ya saba da shi a harafi. Bai taɓa barin harafi tsirara ba, sai ya yi masa inuwa da jela.

Abin da aka fi saninsa da shi dariya ce. Daga kafaɗa take fara masa. Za ka ga jikinsa na girgiza tun sauti bai fito ba, in kuwa ta kai maƙura sai ya zauna a ƙasa, ko a ina yake, ko da farin kaya ne a jikinsa.

Sai zamani ya kawo rubutun liƙawa wanda inji ke bugawa. Direbobi suka koma can, buroshin Nata'ala ya bushe a gwangwani. Ya tattara ya dawo Tudun Kanya yana da shekara arba'in da 'yan kai, ya karɓi kwami huɗu a lambun gidansu, barkononsa kuma kullum shi ne na ƙarshe wajen nuna. Matarsa Adama ce ke riƙe da rabin gidan da dakan yaji. Lokaci-lokaci dai akan kira shi rubuta allon shago ko na makaranta, ranar kuwa tun a soro ake jin waƙarsa.

Irin wannan kiran ne ya kai shi Kankara, wajen wata malamar makaranta mai suna Hajaratu. Ya gama allon, suna jiran fenti ya sha iska, sai ya ga tana ta danne-danne a waya. Ya tambaya, ta nuna masa. Ta ce wani kundin ilimi ne a intanet, ana ce wa irinsa wiki, kowa yana iya rubutu a ciki, akwai kuma na Hausa, ita ma shekara uku ke nan tana sa hannu. Ya ce ta nemo masa Tudun Kanya. Ta nema, babu. Ya ce ta sake nema, ƙila wayar ba ta ji da kyau ba. Babu dai. Nata'ala ya ce ashe duk barkonon da suka ciyar da rabin ƙasar nan ba wanda ya rubuta.

Kafin ya hau babur ta buɗe masa suna a kundin ta wayarsa, don shi ma ya iya rubutu a ciki. Sati bai cika ba ya turo mata gwajinsa na farko. Layi biyar ne, a ciki ya kira ƙauyensu fitilar Faskari sau biyu. Malama Hajaratu ta kira shi, ta ce rubutun ya yi daɗi amma ba zai zauna ba, domin wurin ba bayan mota ba ne. Abin da ake so shi ne abin da baƙo zai iya bincikawa ya tarar haka yake. Da ta ga bayanin baki bai shige shi ba, sai ta turo masa jimla biyu a shafinta na gwaji, ɗaya koriya shar, ɗaya ja wur. Koriyar ita ce yadda ake so, jar ita ce yadda ba a so.

Abin da ya kama Nata'ala ba darasin ba ne, launin ne. Ya tambaye ta da wane fenti ta yi. Ta ce ana ce masa samfuri, ta koya masa a waya. Za ka buɗe waɗansu baka biyu masu lanƙwasa, ka rubuta x da t, ka kafa sanda guda a tsaye, ka zuba jimlarka, ka rufe da wasu bakan biyu. Kana adanawa jimlar za ta fito koriya. In kana son ta fito ja, alamar motsin rai guda ɗaya za ka sa a gaban x ɗin, shi ke nan. Bakan nan Nata'ala ya raɗa masu suna ƙahon rago. Ya gwada, ta fito. Ya sa alamar, ta koma ja. Ya cire, ta dawo koriya. Ya yi haka ya fi sau talatin a gindin turmin Adama, yana dariya, har sai da ya zauna a kan barkonon da ta shanya.

Ya kira matarsa: "Uwar Mansura, zo ki ga fenti ba kananzir, ba wankin buroshi, ba jiran bushewa."

"Malam, tashi min kan shanya tukuna. In ka miƙe za ka ga fenti a wandonka."

Daga ranar komai na gidan ya shiga ƙahon rago. In Adama ta ce miyar yau ba a taɓa yin irinta ba, sai ya ce wannan jar magana ce, ta faɗi da kore. Sai ta ce miyar kuka ce, da daddawa uku, kuma wanda bai kawo nama ba ba shi da ta cewa. Ya ce yauwa, wannan ta zauna.

Wata biyu yana koyo. Da ya ga hannunsa ya faɗa, sai ya je ya durƙusa gaban Baba Almu, wanda a lokacin ya haura tamanin, ido ya rage amma baki na nan da kaifinsa. Ya yi masa alkawarin cewa labarin lambun Tudun Kanya zai shiga inda ɗan Sabuwa da ɗan Makka za su karanta shi rana ɗaya. Tsohon ya tambaya ko abin yana gogewa in ruwa ya taɓa wayar. Ya ce ba ya gogewa. Baba Almu ya ce to yana so ya ji an karanta masa shi da kunnensa tun yana da sauran kwana, kuma ya riƙe Nata'ala da wannan magana. Nata'ala ya ce ya ɗauka.

Ya kafa shafin Tudun Kanya da layi shida masu sauƙi, ya jingina su da wata 'yar takarda da wani malamin gona ya taɓa bugawa game da fadamar. Amma abin da ya sani na lambu kaɗan ne, don haka ya tara mutum biyar daga cikin 'yan lambun da ke da babbar waya, ya buɗe masu suna, ya kuma shirya masu shafin misalai da ya kwana biyu yana ƙawatawa. Jimla ashirin, bibbiyu. Korayen daga kansa ya ƙirƙiro su, irin su "Tudun Kanya ƙauye ne kusa da Mairuwa, mutanensa suna noman barkono da rani." Jajayen kuwa bai sha wahala ba. Kunnensa cike yake da maganganun Baba Almu tun yana yaro, sai ya riƙa ɗebowa yana zubawa ba tare da ya sa suna ba: "Ruwan fadamarmu ya fi zuma." "Daga nan har bakin duniya babu ƙasa irin tamu."

Ranar Juma'a bayan an sauko ya tara su a gindin kanya, Baba Almu yana kan kujerarsa a tsakiya. Lokacin kakar barkono ce, hankalin kowa na fadama. Ya nuna masu inda ake dannawa a gyara da inda ake adanawa. Ya buɗe shafin misalai yana ta murna yana nuna masu ƙahon rago, ya sa alama ya cire, launi na juyawa, suna ta salati. Bai kai ga bayanin komai ba sai ga motar Mas'ud, direban da ke kwasar masu kaya, tana hon. Kowa ya zabura. Nata'ala ya bi su da murya ya ce su dai bi misalai, launi zai nuna masu mai kyau da marar kyau. Bai ce wanne ne wanne ba. Mutumin da ya yi shekara ashirin a bayan mota yana kallon jar fitilar birki bai taɓa tunanin akwai mai buƙatar a gaya masa ma'anar ja ba.

Washegari ya tafi Sabuwa, inda wani mai shagon kayan miya, Abdulƙarim, ya kira shi rubuta allo da bango. Aikin kwana huɗu ne, unguwar kuma waya ba ta kamawa sai an hau tudu. Rana ta huɗu da hantsi ya hau tudun don ya gaida gida, sai ga kiran Malama Hajaratu. Tun kafin ta yi sallama ya ji tana ƙoƙarin danne dariya. Ta ce ya buɗe shafin Tudun Kanya.

Ya buɗe. Layinsa shida babu ko ɗaya. A madadinsu an cika shafi tun daga sama har ƙasa. Ƙasar Tudun Kanya in ka jefa tsinke da safe, da yamma za ka tsinki attarugu. Rijiyoyinta ba su taɓa jin labarin ƙafewa ba. Kwaɗin fadamar ma sun fi na ko'ina murya. A can saman shafin kuwa an manna sanarwa a cikin akwati: wani mai gyara da ba su san shi ba ya ce rubutun yabo ne zalla, in ba a gyara ba cikin kwana bakwai za a share shafin gaba ɗaya. Malama ta ce an manna ta kwana uku da suka wuce, saura huɗu. Ta ce za ta iya maido da layinsa shida, amma ta gwada jiya, kafin azahar mutanensa sun sake cire su.

Nata'ala ya bar wa Abdulƙarim bango da rabin kalma, ya yi rantsuwar zai dawo, ya hau babur don ya isa gida kafin la'asar, domin hanyar ba a son bin ta da yamma. Duk tafiyar yana lissafin wanda zai fara yi wa faɗa.

Bai samu yin faɗan ba. Yana shiga gari aka tarbe shi kamar wanda ya dawo daga aikin hajji. Mutanen nan biyar suka kewaye shi kowa na nuna layin da ya sa. Aka kai shi gaban Baba Almu, tsohon fuskarsa kamar an ba shi sarauta.

"Ɗana, ka gani? Mun bi launi yadda ka ce. Nunannun muka tsinka, ɗanyun nan naka da ka bari a kai muka cire maka su. Wanga aiki ba a yin shi da gaggawa, ka sa su tun ba su yi ja ba."

Nata'ala ya buɗe baki, sai ya ɗaga kai. Rufin ɗakuna ja. Dandalin masallaci ja. Kan dutse, kan tabarmi, kan buhunan da aka farke aka shimfiɗa, ko'ina barkono ne a shanye, ja wur, garin gaba ɗaya kamar an zuba masa fenti. A gefe guda kuma ga ɗan tsibin koraye da aka tsince aka watsar, awaki na shinshinawa suna wucewa. Kafaɗarsa ta fara rawa. Ya yi ƙoƙarin riƙewa saboda yana gaban babba, abin ya ƙi. Ya zauna daɓas a ƙasa, hula ta faɗi, hawaye na zuba. Su ma suka kama dariya suna zaton ta murna ce, wannan ya ƙara kwantar da shi.

Da ta lafa ne ya ga girman abin. Dole ya gaya wa mutumin da ya cece shi daga fartanya cewa maganganunsa ne aka jera a matsayin misalin abin da ba a so. Ya fara ta nesa. Ya ce a wajen masu mota ja na nufin tsaya. Baba Almu ya ce shi ba mota ba ne. Ya ce malaman makaranta da jan biro suke soke kuskure. Wani daga cikin mutanen ya ce shi da jan biro aka taɓa rubuta masa maki mai kyau, har yanzu takardar na nan. Ya karanta masu sanarwar sharewa, suka ce ai hassada ce, ƙila mai gyaran ɗan wani garin barkono ne. Haka aka tashi, kwana ɗaya ya tafi.

Da safe ya kira Malama Hajaratu da wata dabara. Ya roƙe ta ta juya launin, mai kyau ya zama ja, marar kyau kore, ko na sati ɗaya ne. Ta ce samfurin ba nata ba ne, ba na Tudun Kanya ba ne, jama'a da yawa ke aiki da shi, in ta taɓa shi duk misalan mutane za su kife a lokaci ɗaya. Ya ce to ya yi nasa, ya sa alamar a gaban masu kyau. Ta ce ranar da mutanensa suka buɗe shafin wani fa? Ya ga gaskiyarta. Ya zauna a tsakar gida da waya a hannu, karo na farko da ƙahon rago bai ba shi dariya ba. Saura kwana uku, da alkawari a wuyansa.

Adama na gefe tana gyaran ganyen rama da za ta yi kwaɗo. Tana tsinka tana zubawa a ƙwarya, wanda ya yi ja-ja kuma ta jefa wa akuya. Ya daɗe yana kallon hannunta bai san yana kallo ba. Can ya tambaye ta me ya sa take zubar da jajayen.

"Malam, yau kuma? Ganye in ya yi ja ai ya tashi aiki. Wa ka taɓa gani ya ci jan ganye in ba akuya ba?"

Ya miƙe. Ya dumbuzi ganyen hannu biyu, kore da ja, ya fita da takalmi ƙafa ɗaya, tana kiransa ya dawo mata da abin kwaɗonta. Ya bi fadama kwami-kwami yana kiran mutanensa, ya taro su gindin kanya, ya baje ganyen a gaban Baba Almu yana haki. Ya tambaya, in damina ta yi tsakiya mutum ya shiga gonar dawarsa ya ga ganye ya fara ja, murna zai yi? Suka ce wace murna, ai cuta ce ko yunwar taki. In ya ga gona kore shar fa? Suka ce sai hamdala. Ya ce to waɗanda suka ƙera samfurin nan da idon damina suka ƙera shi, su kuwa suka karanta shi da idon rani, laifin kuma nasa ne da ya koya masu ana tsakiyar kakar barkono bai yi bayani ba.

Suka dubi ganyen. Sai ɗaya ya fashe da dariya, ya nuna na kusa da shi ya ce wannan ne ya sa maganar kwaɗi, ashe abincin akuya ya rubuta. Wurin ya kaure, kowa na tona layin ɗan'uwansa. Baba Almu kaɗai bai yi dariya ba. Ya ɗauki jan ganye ɗaya yana juya shi kusa da idonsa.

"Nata'ala. Jajayen nan da ka jera, maganata ce. Na gane ta tun ranar farko, na zaci girmama ni ka yi. Ashe ciwon ganye ce."

Nata'ala ya durƙusa har gwiwarsa ta taɓa ƙafar kujerar. Ya ce maganar Baba lafiyarta lau, da ita ya ci abinci shekara ashirin a bakin titi, rabin abin da ya rubuta wa direbobi daga bakin Baba ya sato. Gonar ce ba tata ba. Ya ce ya yi kuskure da ya ɗauka bai nemi izini ba, a yafe masa. Tsohon ya ajiye ganyen. Sannan ya tambaya, su masu idon daminar, me suke son ji? Nata'ala ya ce abin da za a iya ƙirgawa ko a je a gani: rijiya nawa, wa ya fara haƙawa, wane wata ake dashe.

Baba Almu ya ce, "Wannan ne kawai? To mi ya hana ku tambaya?"

Kwana biyu suka yi a kan tabarmi, daga hantsi zuwa azahar. Ashe duk yana cikin kan Baba Almu. Rijiya goma sha ɗaya, ya jero su da sunan wanda ya haƙa kowace. Ya faɗi shekarar da aka bar jigo aka koma inji, da irin barkonon da aka daina shukawa saboda tsutsa. Abin da ya dace da takardar malamin gona suka jingina da ita, wanda ba shi da madogara Malama ta ce a ajiye shi a gefe tukuna. Mutanen suka mai da abin wasa. Duk wanda ya kawo jimla sai a yi mata shari'a, in ta cika yabo a ce a ba akuya, a miƙa wa mai ita jan ganye ya riƙe. Wani ya tara guda bakwai a hannu. Baba Almu da kansa ya zama alƙali, ya fi kowa tsanani.

Aka share yabon duka sai layi ɗaya. Rana ta ƙarshe da safe tsohon ya kafe a kansa. Layin shi ne, "Barkonon Tudun Kanya, baƙo na hawaye yana miƙo kwano." Ya ce wannan ba yabo ba ne, da idonsa ya gani ba sau ɗaya ba, kuma mahaifin Nata'ala ne ya fara faɗin ta. A share shafin in za a share, amma wannan ba za ta fita ba. Aka kira Malama Hajaratu, ta gaishe shi da ladabi, ta ce ita ma layin ya burge ta, sai dai shi ne na farko a shafin, mai gyaran yana buɗewa da shi zai fara cin karo.

Nata'ala bai yi gardama ba. Ya shiga gida ya jawo tsohuwar jakarsa daga ƙarƙashin gado. Gwangwanin jan fenti ya yi fata a sama, ya huda ya zuba kananzir ya motsa. Motar Mas'ud na tsaye ana loda mata buhuna. Ya roƙi bayanta, Mas'ud ya ce in dai zai fi na liƙawa kyau. Ya tsuguna, ya karkace kai, ya rufe ido ɗaya. Aka ɗauko kujerar Baba Almu aka ajiye kusa. Harafi ɗaya ya kai tafin hannu biyu, kowanne da inuwarsa da jelarsa, har tsohon da ke ganin duniya dishi-dishi ya iya bin su da sanda. Yana rubutu yana waƙa, garin ya taru, masu lodi suka bar lodi. Da ya kai ƙarshe ya zana ɗan kwano da barkono uku a ciki.

Ya juyo ya ce wannan motar tana zuwa Kankara da Sabuwa da Ketare duk sati, kuma a nan ba wanda zai manna mata sanarwa.

Baba Almu ya sa aka karanta masa sau biyu. Ya tambaya ko jan nan na barkono ne ko na ganye. Nata'ala ya ce na barkono ne, Baba, nunanne. Tsohon ya miƙo hannu a ba shi wayar. Aka ɗora masa yatsa a kan layin, ya danne da ƙarfi kamar mai dangwala ƙuri'a, layin ya fita, aka adana.

Bayan azahar Malama ta kira ta ce mai gyaran ya duba, ya cire sanarwar, har ya bar masu godiya. Nata'ala ya karanta wa Baba Almu shafin tun daga farko har ƙarshe a gaban jama'a, da rijiyoyin nan goma sha ɗaya, muryarsa na rawa don dariyar da ke son ƙwacewa. Yana kai aya ta ƙarshe ya zauna a ƙasa, a kan murfin gwangwanin fenti. Adama ta ce wando na biyu ke nan.

A saman shafin misalansa ya ƙara layi guda da babu launi a kansa: "Ɗan lambu, kafin ka karanta, ka sa idon damina." Malama Hajaratu ta roƙi izini ta kwafa, domin ta ce akwai masu tumatir a cikin waɗanda take koya wa a Kankara. Jajayen misalan kuwa ya sauya su da nasa na ƙirƙira. Ya koma Sabuwa ya ƙarasa wa Abdulƙarim rabin kalmarsa. Kafin damina ta faɗi direbobi uku sun biyo sawun motar Mas'ud har Tudun Kanya suna tambayar mai buroshi, shi kuma kowanne sai ya kai shi gaban Baba Almu ya zaɓi magana.

Har yanzu duk Juma'a in an sauko, tsohon yakan sa a karanta masa shafin, don ya tabbata yana nan. Yakan saurara ido rufe, yana ƙirga rijiyoyin da yatsa. In an gama sai ya gyaɗa kai ya ce, "Ɗanye ne dai. Amma ya zauna."